Yadda Na Kori Mai Waƙa da Tulu

Ku aje taɓarya, ku jawo tabarminku nan kusa, ku ara mini kunne. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, nawa ne, da hannun nan nawa na dama na aikata shi. Na daɗe ina jin kunyar faɗarsa. Yanzu kuwa ina faɗa ina shan iska, don Ubangiji ya riga ya sauke mini kayan.

Mu mutanen ƙasar Zuru ne. Neman gona ya kawo maigidana, Allah ya ba shi hutawa, wani ƙauye a ƙasar Bagudo, can gaba da Lafagu ta wajen kogi, ina goye da ɗiyata ta fari. Garin na Musulmi ne, manoma da masunta. Su suka ba mu wurin zama, suka nuna mana fadamar da za mu sa shinkafa. Mu masu bin Almasihu ba mu da yawa. Majami'armu ginin laka ce da rufin kwano, in mata suka cika ta da waƙa har akuyoyin unguwa sukan tsaya.

Ban taɓa shiga aji ba, amma Allah ya ba ni waƙa. Ga yadda muke yi a zumuntarmu ta mata. Kowace shekara bayan an yanke shinkafa akwai babban taro, matan kowace majami'a su zo da sabuwar waƙa tasu. In lokaci ya matso, sai matar fastonmu ta zaunar da ni ta karanta mini wani wuri cikin Maganar Allah sau uku. Ni kuma in ɗauka a ka, in tafi da ita gona, in tafi da ita rijiya, in daka ta a turmi tare da gero, har ta fito waƙa. Ni ke haɗawa, ni ke bayarwa, mata na amshi. Shekaru fiye da ashirin haka. Ko a kasuwar Lolo in matan wata majami'a suka gan ni sai su ce, ga uwar waƙa. Ina sunkuyar da kai kamar ban ji ba, alhali na ji har cikin ɓargona.

Ana nan sai ɗan wani dattijon majami'armu ya auro yarinya daga ƙetaren iyaka, ƙasar Binin. Badendiya ce, baƙa siririya, ba ta da yawan magana, Hausarta tana ɗingishi. Ranar da ta fara shigowa zumunta ta zauna can baya. Da aka ɗauki amshi sai wata murya ta taso daga bayan nan, wasai, ba ƙura ba tsakuwa. Mata suka riƙa waiwaye. Ni ban waiwaya ba. Na san daga inda take fitowa.

A daminar wannan shekara tari ya kama ni wata biyu. Ya sake ni, amma ya tafi da saman muryata. In na hau sai ta tsage kamar tsohon zane. Wurin da matar fasto ta karanta mini a shekarar kuwa a kan hikima iri biyu ne: akwai wadda ke saukowa daga wurin Allah, ba ta faɗa, ba ta fariya, akwai kuma wadda ke tsirowa daga ƙasa, abincinta ƙyashi da son a ce ni ce. Na ɗauka na haɗa waƙa, kuma ban taɓa haɗa wadda ta kai ta kyau ba. Mai bayarwa ta ce, hikimar sama ruwan safe ce, ba ta tsawa, ƙasa take jiƙawa. Mata su amsa, ba mu ita Uba, ba mu ita.

Da na kawo ta, mata suka yi ta guɗa. Aka gama guɗa, sai matar fasto ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Mama, mun yi shawara. Waƙar nan tana da hawa, muryarki kuwa ba ta gama dawowa ba. Mu ba amaryar nan ta bayar bana, ke ki riƙe mana babban tulu. Babu mai hannunki."

Na ce, "Madalla. Aikin Ubangiji ne, ko shara aka ba ni zan yi."

Haka bakina ya ce. Zuciyata kuwa ba haka ta ce ba.

Wanda bai san tulun waƙa ba, bari in gaya masa. Babban tulu ne na yumɓu, ana bugun bakinsa da guntun katifa, yana cewa dum, dum, kamar zuciyar sa. Shi ne ƙafar waƙa. Masu caki shi suke bi, masu tafi shi suke bi, masu amshi shi suke bi. Mai bayarwa kuma ba ta da wurin numfashi sai ɗan lokacin da mata ke amshi. In amshi ya yi tsawonsa, ta cika ƙirji ta shigo. In aka gajarta shi, ta shigo da rabin iska. Kuma babu mai kallon mai tulu. Tana zaune a ƙasa, ido duk yana kan mai bayarwa.

Ranar Alhamis da la'asar muke gwaji. Ban fito gida da niyyar komai ba, Allah shaida. Yarinyar ta ɗauki baiti na farko, ya fito kamar don ita na haɗa shi. Na ga matan da suka yi shekara ashirin suna kallon bakina sun buɗe nasu bakin suna kallonta. A baiti na biyu sai hannuna ya riga lokacinsa sauka, da ɗan kaɗan, bai kai ƙiftawar ido ba. Caki ya biyo ni. Na ƙara kaɗan. Amshi ya tsuke. Kafin baiti na huɗu yarinyar tana haki, kalmomi na tuntuɓe da juna a bakinta, ta kai wurin hawan nan muryarta ta yanke.

Aka ce a sake. Na fara daidai, na bar ta ta ji daɗi, sannan na fara tura ta a hankali, yadda kogi ke cin gaɓa, ba ka ganin sa'ad da yake ci. Ta sake faɗuwa a wuri guda.

Alhamis huɗu ina yin haka. Na ƙware har ina iya yi ina kallonta da fuskar tausayi. Mata suka fara magana a hanyar rijiya. Wata ta ce Hausar ce ta fi ƙarfinta. Wata ta ce muryar amshi daban, muryar bayarwa daban. Ni in an tambaye ni sai in ce, a yi mata haƙuri, yarinya ce. Kuma a raina ina kiran abin dabara. Ina cewa ai sunan majami'armu nake karewa, kada a kai baƙuwa gaban taro ta ba mu kunya.

Wata safiya ta zo gidana da ɗan kwanon man kaɗe na wajensu. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, koya mani. Ban san mi ka damuna ba."

Na zaunar da ita a gindin mangwaro, na ce ta yi. Ba tulu, ba kowa. Ta yi waƙar daga farko har ƙarshe, ko gargada babu. Ta dube ni da murna. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, na ce, "To kin gani, ɗiyata. A gida kowa gwani ne. Idon mutane ne ba kowa ke iya ɗauka ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Inna." Ta gode mini ta tafi. Man kaɗen nan da shi na yi ta shafa ƙafafuna.

Alhamis ta biyar ba ta zo ba. Mijinta ya aiko cewa ta tafi ganin gida, ba za ta dawo ba sai an watse taro. Surukarta kuwa ta faɗa mana sauran: yarinyar ta ce ta gane Allah bai karɓi muryarta ba, ko ta dawo ba za ta ƙara shiga zumunta ba, Lahadi ma a baya za ta riƙa zama. Saura mako biyu taro. Matar fasto ta dube ni ta ce, "Mama, sai ki daure ki karɓi kayanki." Aka ba wata tulun. Na tsaya a wurina na dā, na bayar da waƙata, na sassauta hawan yadda muryata za ta iya. Mata suka amsa. Abin da nake so ke nan, ga shi a hannuna, kuma bai yi mini ɗanɗanon komai ba.

Katangar majami'armu ɗaya take da gidan wata aminiyata, Musulma, matar masunci, sana'arta bandar kifi. Tun zuwanmu garin muke tare. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku, ni na yi wa ɗiyarta wankan jego. In sallah ta zo tuwonta na gidana, in Kirsimeti ta zo shinkafata na gidanta. Da na fito daga gwaji ranar nan tana bakin ƙofa tana juya kifi a kan waya, hayaƙi na shiga mata ido.

Ta kira ni da sunan ƙabilarmu ta ce, "Badakkara, yau dai tulunku ya huta da gudu."

Na ce, "Mai kifi, me kika sani a tulu? Ki ji da tarwaɗarki kada ta ƙone."

"Tarwaɗata lahiya lau take. Wata guda ina zaune nan ina jin ana korar ɗiyar mutane kamar akuya ta shiga gona. Nic ce, wa ka bugun tulun ga? Anka ce ke. Nic ce a'a, ba ta yiwuwa, ƙawata tsohuwa ta, ina ta ga ƙahwar gudu?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce, "Hayaƙi ya toshe miki kunne."

Sai ta aje kifin ta dube ni. Ta ce, "Shekara nawa muna daka turmi guda ni da ke? Na san hannunki kamar na san nawa. Ba ki taɓa riga ni sauke taɓarya ba sai ranar da kike hushi da wani. Ni ban san addininku ba. Amma kullum ina jin kuna roƙon a ba ku wani abu, ba mu ita, ba mu ita. In an ba ku, ki ɗebo mani kaɗan. In kuwa ba a ba ku ba, ki bincika hannunki."

Ta koma kan kifinta. Na juya na kama hanya. Na isa gida ina zaginta a raina, ina cewa wa ya sa bakinta.

Washegari na tafi fadama tsintar abin da ya zuba bayan yanka. Kun san mai waƙa, ko ba ta so bakinta na motsi. Na tsinci kaina ina rera waƙar nan, na kai baitin da na haɗa a kan ɗaya hikimar, wadda ke rarrafe a ƙasa, fuskarta zuma cikinta maɗaci, ta rushe gida ta ce gyara take. Da bakina na haɗa shi. Mako biyar ina koya wa mata shi, ina zaton da wasu nake. Na zauna a kan kunyar gona, ƙwaryata a gefe, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar maigidana.

Daga fadama gidan fasto na wuce. Na faɗa wa matarsa komai. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Mama, ni ba ni kika yi wa ba. Ga waya, in kira mijinta ya haɗa ku."

Na ce, "Wannan ba maganar waya ba ce. Da gwiwa ta zo gidana."

Na jira ranar kasuwar Lolo, don ranar ce ake samun abin hawa. Na shiga mota zuwa Lolo, daga nan na hau kabu-kabu. Ni da ban taɓa ƙetare iyaka ba, sai ga ni riƙe da rigar wani mutum muna ratsa gonakin da ban san masu su ba. A shingen iyaka wani ma'aikaci ya ce, "Iya, ina za ki, ba kaya ba buhu?" Na ce biko zan je. Ya ce, "Ke da kanki? Ina angon?" Na ce ni ce angon. Suka yi ta dariya suka ɗaga mana sanda.

Na sami gidan da rana tsaka. Uwarta ce ta tarbe ni, mace mai jiki, ba ta jin Hausa sai kaɗan, ni kuma Dendancina bai wuce fofo ba, wato sannu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Yarinyar ta fito daga ɗaki, ta rame. Da ta gan ni za ta durƙusa, sai na riga ta kai gwiwa ƙasa. Ta ja da baya a tsorace ta ce, "Inna, lahiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu. Ni ce na kayar da ke a waƙa. Da tulu na yi."

Ba ta gane ba. Ta ce ai Inna ke ce kika koya mani. Na ga magana ba za ta kai ba. Akwai wani tulun ruwa a gindin rumbu, babu kome a ciki. Na jawo shi, na cire takalmina na roba don in buga bakinsa da shi, na ce ta bayar, ni zan yi tulu in yi amshi. Ta ƙi. Uwarta ta yi mata magana da yarensu, sannan ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Na riƙe mata daidai. Ta wuce baiti na huɗu, ta hau hawan nan ta sauko lafiya. Na ce, "To sake, ki sa kunnenki a hannuna." Wannan karon na yi mata abin da na saba, amma a fili. Tun a baiti na biyu ta tsaya. Ta dubi tulun, ta dubi hannuna.

Na yi zaton kuka za ta yi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Inna, na sha zuma da citta har cikina ya ɓaci. Na bar cin gyaɗa. Na yi azumi kwana uku ina tambayar Allah mi niy yi mashi. Na zo gidanki na durƙusa, kinka ce idon mutane ne."

Na ce, "Na faɗa."

"Don mi?"

"Don muryarki ta fi tawa, ni kuma ban iya zama a ƙasa ba."

Uwarta ta matsa sai an fassara mata. Da ta ji, ta tafa hannu ta yi wata doguwar magana tana nuna ni da yatsa. Na ce me ta ce. Yarinyar ta ce, "Ta ce ki ci abinci kafin ki tahi, hanya da nisa. Sauran ba na faɗa maki." Na ci tuwon masara da miyar kuɓewa. Da zan tafi na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ki gaida gida, Inna." Iyakar abin da na samu ke nan.

Duk da haka, a kan kabu-kabun dawowa na ji ƙirjina ya buɗe. Ban san ko za ta dawo ba, amma yanzu ta san Allah bai ƙi muryarta ba, wannan kam na mayar mata.

Ranar Alhamis na tsaya gaban mata na faɗa musu. Wasu suka rufe baki. Wadda ta fi kowa cewa Hausa ta fi ƙarfin yarinyar ita ta fi kowa salati. Wata tsohuwa sa'ata ta ce, "Ashe shi ya sa kafaɗata ke ciwo da caki, ina ta zargin tsufa." Aka yi dariya, dariyar ta taimake ni. Na ce ba zan bayar da waƙar ba, ko yarinyar ta dawo ko ba ta dawo ba. Matar fasto ta ce in babu mai bayarwa sai mu je taro mu zauna mu saurari na wasu. Na ce to mu zauna.

Saura kwana uku taro, muna share majami'a, sai ga ta a bakin ƙofa da ɗankwalin zumunta a kanta. Ta gaida kowa. Ta zo gabana ta ce, "Inna, na yi hushi kwana biyar, ya ishe ni. Na yahe." Ban san sa'ad da na rungume ta ba, tsintsiya na hannuna.

Na ce a ba wata tulun, ni in koma cikin masu amshi. Ta ce a'a. "Ke za ki riƙe. Babu mai hannunki, ko a wajen ɓarna. Kuma yanzu kunnena na wurinki."

Ranar taro na zauna a ƙasa da tulu tsakanin ƙafafuna, ina kallon bayanta. Ina ganin sa'ad da kafaɗunta ke ɗagawa tana jan iska, sai in jira ta, in ba ta wuri, sannan in sauke hannu. Shekara ashirin ina tsaye a gaba ban taɓa sanin akwai daɗi a wannan jiran ba. Ta hau hawan nan kamar tana taka matakala. Ba a ce waƙarmu ta fi ta kowa ba, wasu matan daga wajen Kurgu su aka fi yi wa guɗa. Muka dawo a bayan motar ɗaukar shinkafa muna waƙa har gida.

Yarinyar nan yanzu 'ya'yanta huɗu, ita ke bayar da waƙa har yau, kuma ta fara haɗa nata, wasu da Hausa wasu da Dendanci. In ta haɗa takan kawo mini in ji, wani lokaci in gyara, wani lokaci ta ƙi gyaran. Uwarta ta zo suna sau biyu, har yanzu ba ta gaya mini abin da ta faɗa ranar nan ba, amma takan riƙo mini barkono. Matar fasto an yi musu canji zuwa wani gari, ina jin labarinta wurin masu zuwa taro. Aminiyata mai kifi ta rasu shekara uku da suka wuce, bayan ta dawo daga aikin Hajji. Na zauna a gidanta kwana bakwai ana karɓar gaisuwa, jikokinta kuma har gobe ni suke kira kaka. Ni kuwa hannuna ya fara rawa, na miƙa tulun ga matar ɗana. Ina zama a layi na biyu kusa da taga, inda iska ke shigowa, ina amshi da abin da ya rage mini na murya.